Turken da Haladu Ya Kafa a Ƙofar Kundurwa

Ku matso kusa. Wanda ya san zai yi fitsarin kwance, ya tashi tun yanzu.

Haladu ma'aikacin safiyo ne, masu auna ƙasa su zana taswira. Ga iya aiki, ga taurin kan tsiya. Aka tura shi iyakar Jigawa da Bauchi ya kafa turakun siminti, don kowace jiha ta san inda ƙasarta ta tsaya.

To, tsakanin ƙauyen Maje da ƙauyen Dagwaro akwai wani kufai, Kundurwa. Da can birni ne mai ganuwa. Mahara suka cinye shi da rana tsaka, tun kafin zuwan Turawa. Babu abin da ya rage sai tudun ganuwa da giɓin ƙofa. Amma mutanen yankin, na wannan jiha da na waccan, in suna lissafa garuruwa sai sun sa Kundurwa a ciki. Bakin ƙofar kuwa ba a nomawa, ko akuya ba a ɗaurewa.

Awon Haladu ya faɗa daidai tsakiyar ƙofar nan. Dagacin Maje ya ce, "Malam, don Allah ka gusa da turken nan, ko taku biyar ne. Hanya ce."

"Hanyar wa, ranka ya daɗe? Ƙadangaru?"

Ya kafa abinsa. A taswira kuma ya rubuta "daji" a wurin.

Washegari da rana tsaka ya koma shi kaɗai, wai ya ga ko siminti ya kama. Tsit. Ko kukan kurciya babu. Sai ga wani dogon mutum tsaye jikin turken, riƙe da tsohon mashi. Haladu ya yi sallama. Bakin mutumin ya motsa, amma muryar ta bayan Haladu ta fito.

"Lissafa mini garuruwa, daga nan zuwa kogi."

Haladu ya waiga, babu kowa. Ya ce, "Maje. Sai Dagwaro. Sai kogi."

Tau! Mari ɗaya, haƙora biyu a ƙasa. Yana durƙushe yana tofar da jini ya ga ƙafafun mutumin. Diddige gaba, yatsu baya.

"Ni ne mai tsaron ƙofa. Kullum war haka mutanena ke gudu ta nan. Ka toshe musu."

Sai ƙaurin hayaƙi. Sai kururuwa. Haladu ya ɗaga kai, ga jama'a sun nufo ƙofa a guje, mata da goyo, tsofaffi na faɗuwa ana taka su. Suna isowa turken nan suka cushe, kamar an sa musu katanga. Bayansu mahaya ne, suna sara ba ji ba gani. Jini mai ɗumi ya fallatsar masa a fuska.

Mai mashi ya ce, "In mahayan nan suka iso turken yana tsaye, da kai za su fara."

Wayyo Haladu! Babu diga, babu shebur. Da hannu ya hau tono. Farce ya fita, bai ji ba. Ana bi ta bayansa, haƙarƙari ya ce ƙas. Ya rungumi turken ya jijjiga, yana kuka yana kiran sunan Allah. Numfashin doki ya huro masa a wuya. Ya tattara iya ƙarfinsa ya fizga. Turke ya kwanta daidai lokacin da takobi ya sauko, ya tafi da yatsunsa uku na dama.

Jama'a suka kwarara ta kansa suka fice. Sai tsit, kamar ba a yi ba.

Mai mashi ya yagi bakin rawaninsa ya ɗaure masa hannun. Nan take jini ya tsaya.

"Sake lissafawa."

"Maje," in ji Haladu. "Kundurwa. Dagwaro."

Da la'asar mutanen dagaci suka tsince shi. Sun nemi yatsun har magariba, babu ko ɗigon jini a ƙasa. Bayan ya warke, da hannun hagu ya goge "daji" ya rubuta sunan garin. Na ga taswirar da idona a ɗakinsa. Layin iyaka na tafiya sambal, sai ya yi ɗan lanƙwasa na taku biyar, ya ci gaba. Tsumman rawanin kuwa har yau yana hannunsa, kuma kullum in rana ta take tsaka sai ya jiƙe da jini.

Saboda haka in tafiya ta kai ku wajen, kada ku ratsa kufan nan ku kaɗai da rana tsaka. In kuma aka ce ku lissafa garuruwa, ku lissafa har da waɗanda suka mutu.