Allin Mai Faci

Rana tsaka Oga ya iso bayan rumfar facin. Ko sallama bai yi ba. Ya zauna a kan tsohuwar taya, ya ɗora bindiga a cinya.

"Sau biyu ke nan muna fita 'yan sanda na jiranmu a kwana," in ji shi. "Mu uku ne a harkar nan. Ni ba na kai ƙarar kaina. Kwaro kuwa ba shi da wannan basirar."

Kwaro, mai tuƙa babur ɗinsu, ya washe baki kamar an yabe shi.

"Saura kai, Mai Faci."

"Haba Oga..."

"Rufe min baki! In aiki ya sake ɓaci, a cikin tayoyin nan zan ƙone ka."

Aikin ba wuya. Kullum sai Kwaro ya zuba ƙusa a titi. Motar haya ta 'yan yawon buɗe ido ta taka, ta lallaɓo rumfar, don babu wata a duk tsawon hanyar bakin tekun. Mai Faci ya sa jak. Shekara tara yana wannan sana'a a ƙasar da ba tasa ba, hannunsa ya zama sikeli. Baƙon da hutunsa ya ƙare, bayan motarsa nauyi gare shi: akwatuna, tsaraba, na'urori. In ya ji nauyi, sai ya zana gicciye da alli a gefen taya. In babu, ya zana zobe, su Oga su bar ta ta wuce.

Ƙarfe biyu farar mota ta tsaya, tayar baya a kwance. Mata da miji suka fito.

"Na ce maka ka bi babban titi," in ji matar. "Ga shi nan, malam direba."

"Ranki ya daɗe, ke kika ce sai kin ƙara ganin teku."

Mai Faci ya ɗago kai. Yaren gida! Rabon da ya ji shi a bakin mutum har ya manta. Ya sunkuyar da kai, ya yi musu magana da yaren ƙasar, kamar bai ji komai ba.

Mijin ya nuna agogo, ya kwatanta jirgi da hannu. Ƙarfe shida za su tashi.

Mai Faci ya tura jak. Ya danna sau ɗaya, sau biyu. Motar ta ɗago kamar kwali.

Ya tsaya.

Masu tashi ƙarfe shida, kuma babu kaya? Ya saci kallon mijin. Aski ƙasa-ƙasa, kafaɗa a miƙe, ido na yawo a titi. Matar kuma ta ciro waya tana ɗaukar rumfar hoto, har da tulin tayoyi. Wa ke ɗaukar rumfar faci hoto? Kuma duk duniya a rasa waɗanda za a turo sai masu yarensa?

'Yan sanda ne. Tarko ne. Ya tabbata.

"Dubi yadda yake riƙe sifana," matar ta ce ƙasa-ƙasa. "Wallahi kamar ƙanena."

Hannunsa ya tsaya cak. Sai ya ci gaba da ɗaure noti.

Ya ɗauki alli. Dokar aiki ta ce zobe. Amma in Oga ya faɗa hannun waɗannan, wa zai ƙone Mai Faci? Ƙila yau Allah ya kawo masa mafita har ƙofar rumfa.

Ya zana gicciye. Babba.

Matar ta ɗaga masa hannu ta taga. Motar ta gangara.

Ya haye tulin tayoyi. Daga nan ana hango kwanar, can ƙasa, inda dole kowace mota ta rage gudu. Farar motar ta iso. Babur ya fito daga bayan duwatsu — ya sha gabanta!

Mai Faci ya zuba ido. Yanzu mijin zai zaro bindiga. Yanzu motocin sintiri za su ɓullo.

Babu abin da ya ɓullo.

Oga ya fisgo mijin waje. Mutumin ya ɗaga hannu sama — hannu biyu, babu komai! Kwaro ya ɓalle but ɗin motar. Ya leƙa, ya juyo, ya buɗe hannuwa. Oga ya leƙa da kansa. Ya daka tsawar da har nan sama ana jin amonta. Ya juya kan matar, ya cafko wuyan rigarta.

Mijin ya yi kukan kura ya rungumo shi.

Tau! Tau!

Mijin ya faɗi, bai ƙara tashi ba. Mai Faci ya zamo daga kan tayoyin ya zauna a ƙasa. Ya san ya kamata ya gudu. Oga zai dawo kansa. Amma ya kasa tashi, allin na nan a hannunsa har ya narke da gumi.

Ba Oga ne ya zo ba. Wajen ƙarfe biyar motocin 'yan sanda biyu suka tsaya. Sufeto ya fito, ya buɗe wa matar ƙofa. Gaban rigarta duk jini ya bushe.

"Abokanka sun yi karo da shingen 'yan sanda a gada," in ji sufeton. "Mai babur ya mutu. Babban kuwa tun kafin mu tambaye shi ya ba da sunanka."

"Ni faci kawai nake yi, ranka ya daɗe."

Sufeto ya juyo masa da wayar matar. Ga rumfa. Ga taya. Ga hannunsa da alli, gicciyen ya kai rabi.

Matar ta matso. Ba ta ɗaga murya ba. Da yaren gida ta yi magana.

"Na san kana jin mu. Da na ce kamar ƙanena, hannunka ya tsaya. Shi ya sa na ɗauke ka hoto. Na ce zan nuna wa mahaifiyarmu mun ga ɗan gida a hanya."

Tambaya ɗaya ce ta fito, da harshen da ya shekara tara bai taɓa ba.

"Yaya... ina akwatunanku?"

"Suna filin jirgi tun safe. Mijina ya ce mu ajiye su, mu zaga da wasa, ranar ƙarshe ce." "Malamin makaranta ne. Shekara goma sha ɗaya yana min alkawarin wannan tafiyar."

Aka sa masa ankwa. Shekara ashirin da biyar alƙali ya ba shi daga baya, Oga kuwa rai da rai, kuma gidan yari ɗaya aka kai su.

Amma a ranar, suna cikin mota, jirgi ya keta sama ta kan tekun. Sufeto ya duba agogo. Ƙarfe shida daidai. Matar ba ta ɗaga kai ba.