Rawayar da Injiniya Ya Riƙa Kashewa

Magariba ta kawo jiki, matar Injiniya tana kwashe shanya, sai dutse ya faɗo kan kwanon ɗaki. Wani ya biyo bayansa. Ta leƙa waje, layin wayam, ko kaza babu. Injiniya yana zaune yana cire takalmi, ko kai bai ɗaga ba, ya ce yaran maƙwabta ne.

Shi fa mutum ne da aiki ya zame masa jiki. A kamfanin da ke raba tashoshin talabijin ta waya gida-gida yake, cikin wani ɗaki mai sanyi kamar firij, yana gadin na'urori masu fitilu. Kore, lafiya lau. Rawaya, ƙaramin gargaɗi ne, ka danna maɓalli ƙarar ta yi shiru, ka ci gaba da shan shayinka. Ruwan lemo, a tura mai gyara kafin a tashi aiki. Ja kuwa, hoto ya ɗauke wa unguwa sukutum, sai a tashi a guje. Har gida ya kawo wannan ma'auni, matarsa na tsokanarsa wai ko ciwon kai take, sai ta yi ja zai sayo mata magani.

Da jifan ya zama na kullum, ya ce wannan ai rawaya ce. Da Auta, 'yarsu ta ƙarshe, ta fara toshe kunne tana cewa wani ƙugi ya dame ta, ya ce kallo ne ya yi mata yawa. Ta daina cin abinci, ta koma zama bayan ƙofa tana hira da wanda ba a gani. Uwar ta yi roƙo, ta yi kuka, ya ce a bari ya samu hutu. Kaico! Wallahi yana son yarinyar nan kamar ransa, sai dai ya saba da jira.

Bai miƙe ba sai ran da Auta ta yi masa sannu da zuwa da muryar tsoho.

Malamin da aka ɗauko dattijo ne marar yawan magana. Ya zauna ya kama karatu, rana na faɗuwa, gidan tsit. Can yarinyar ta sandare, muryar ta fito. Malam ya tambayi aljanin abin da ya kawo shi.

"Tsohuwar rijiyar bayan kasuwa gidana ne. Suka dasa akwatinsu mai ƙugi a bakinta, iyalina ba barci. Kullum nakan taɓa wayar, fitilar uban yarinyar nan ta kama, ya danna ta yi shiru."

Injiniya ya san akwatin, na kamfaninsu ne. Kullum rawaya yake nunawa, amma tunda babu wanda ya kawo ƙara, bai taɓa tura kowa ba.

Malam ya ce to ita yarinyar me ta yi, wannan zalunci ne, ya ji tsoron Allah.

"Na lura ubanta sai abu ya yi ja yake tashi."

Aljanin ya nemi a zubar masa da jini, Malam ya ƙi ƙememe, ya ƙara ɗaga murya da karatu har aljanin ya yi laushi. Aka daidaita a kan za a cire akwatin, shi kuma ya rantse ba zai dawo ba. Kafin ya fita ya ce ya daɗe a cikin yarinyar, kada su sa ran samun ɗakin yadda ya same shi. Auta ta yi atishawa, ta zube a jikin uwarta.

Washegari Injiniya da hannunsa ya tumɓuke akwatin. Jifa ya tsaya. Auta ta koma cin abinci, tana barci, tana taya uwarta wanke-wanke. Malam ya dawo ya duba, ya ce babu kowa a jikinta, abin da ya rage kuma ba shi da maganinsa, sai addu'a.

Kullum da yamma in Injiniya ya yi sallama, sai ta laɓe bayan uwar, ta ja zanenta, ta ce a hankali, "Mama, wai mutumin nan yaushe zai koma gidansu?"