Gwaggo a Bakin Tukunya

"Ba zan bari ba, Mujitaba!"

Safara'u ta faɗi haka ba ta ko saki muciya ba. Hayaƙin murhu na cin idonta, shi kuwa yana tsaye a ƙofar madafar gidan abincin da take aiki a Kwanar Dangora, ya rasa inda zai sa hannunsa.

"Sanyin idona, ki saurare ni... Gwaggo Hamdiyya ce ta raine ni. Ta ce ko ki bar aikin nan, ko kuwa ba mai zuwa gidanku neman aure."

"Me na yi mata?"

"An ce mata kin san kowane direba da ƙarar hon ɗinsa. Wai kafin ya taka birki kin zuba masa abin da yake so."

Gaskiya ne kuwa. Shekara huɗu a bakin titi, kunnenta ya haddace hanya. Mai hon kamar kukan jaki tuwon masara yake ci, ba yaji. Mai na zakaran da mura ta kama, shinkafa da wake. A wurinta kowane hon yunwa ce take sallama. Amma a Ɗansoshiya, garin su Mujitaba, inda Fa'iza abokiyar aikinta ta kai labarin, an ce yarinya ta san maza fiye da kima. Fa'iza dai ta daɗe tana ƙara wa Mujitaba nama a miya, bai taɓa lura ba.

"Ka ce ta zo ta wuni a nan," in ji Safara'u. "Rana ɗaya! In ta ga abin kunya, da bakina zan ce ka nemi wata."

"Safara'una..."

"Matsa, tuwona zai kama!"

Ranar kasuwa Gwaggo ta zo, ta ƙi kujera, ta shimfiɗa tabarma a lungun madafa tana jan carbi. Safara'u ta durƙusa ta gaishe ta. Da ƙyar ta amsa.

Ranar ce kuma Fa'iza ta aiko wai zazzaɓi ya kwantar da ita, alhali Hajiya mai gidan ta tafi bikin suna Bebeji. Tukunya huɗu, mutum ɗaya.

Da azahar motoci uku suka tsaya lokaci guda.

"Mai abinci, miya ta ƙare ne?"

"Tawa ba man ja!"

"Baiwar Allah, direba zai tafi ya bar mu!"

Safara'u ta zuba, ta miƙa, ta kwashe kwanuka, gumi har cikin ido. Ruwan zafi ya fallatso mata a hannu, ta cije leɓe ta wuce. Can a murhu kuwa talge ya fara tafarfasa ba mai tuƙawa.

Gwaggo ta dube shi. Ta kau da kai. Ta sake dubawa.

"Ke! Gudaji zai yi!"

"Ku yi haƙuri Gwaggo, hannuna biyu ne."

Tsohuwa ta ajiye carbi, ta ɗaure mayafi a ƙugu, ta fizgi muciya.

"A gabana ba a wulaƙanta hatsi. Miƙo gari!"

Tana tuƙawa tana faɗa, tana malmalawa tana faɗa. Wani kwandasta ya leƙo ya ce, "Baba, a ƙara biyu," ta ce masa uwarsa ce Baba, ta kuma ƙara masa.

Bayan la'asar Mujitaba ya iso a kan babur. Ya tarar da gwaggonsa kwance a tabarma, Safara'u na matsa mata kafaɗa da man zafi.

"Gwaggo, lafiya?"

"Ina fa lafiya! Tun azahar ban ga fuskar mutum ɗaya ba, sai kwano, sai kwano. Wanda ya ce yarinyar nan tana kallon maza, a ba shi muciya ya wuni!"

Safara'u ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga kan mayafin tsohuwar.

"Aikin fa, Gwaggo?" ta tambaya a hankali.

"Ki yi abinki. Amma talgenki ya cika ruwa, sai na gyara ki." Ta juya ga Mujitaba. "Kai kuma ka tsaya kana washe baki. Je ka gaya wa kawunka Uba ya wanke babbar rigarsa, Juma'a za su gidan su yarinyar nan."