Filtar da Aka Bari a Kan Suri

Ku matso, ku rage wutar fitilar nan. Wannan ba tatsuniya ba ce, kada wanda ya amsa min da "ta zo mu ji ta". Ke Hajo, haɗiye dariyar nan. Kai kuma Ilu, tunda an ce za ka fara bin hanyar Fakon Ƙaho da mota, kunnenka nake so fiye da na kowa.

Kun san Nomau ɗan Baffa Jatau, mai sayar da rake a bakin tasha. Kun ji abin da ake faɗa a kansa, wai ɓarawo ne, wai mashayi ne. Har na bar koyarwa ban taɓa barin ƙarya ta kwana a kan allo ba. Wannan ma sai na goge ta.

A lokacin Nomau direban Alhaji Maikano ne. Motar mai shiga daji ce, mai jan ƙafa huɗu, yana kai wa masu haƙa rijiyar burtsatse kaya can bayan fako. Hanyar ba kwalta. Ƙasarta laushi gare ta kamar garin tuwo, taya na taka ta sai ta tashi. Mota kuwa da hanci take rayuwa, kamar mutum. Akwai filta mai tace iskar da inji ke shaƙa. A bayanta akwai ɗan abin da kanikawa ke kira sensa, mai waya siririya kamar gashi, shi ke auna iskar. Filta ta cika, mota ta shaƙe. Sensa ya yi datti, mota ta ruɗe.

Direbobin hanyar suna da ƙa'ida. In za ka kakkaɓe filta a daji, ka yi bisimilla, ka ce gafara dai masu wuri, sannan ka buga ta a jikin tayarka. Naka a kan naka. Ba a bugawa a jikin itace, ba a bugawa a bakin rami. Sensa kuwa ba a taɓa shi da yatsa, ba a hura shi da baki. Sai da maganin feshi na gwangwani.

Ranar da abin ya faru, Nomau ya nemi a haɗa shi da wani. Alhaji ya ce sitiyari ɗaya ke cikin motar, ba ya buƙatar mutum biyu. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Yana tsakiyar fako, rana ta yi ja, mota ta fara tari. Ya taka totur, ta ƙi. Baƙin hayaƙi ya biyo baya. Ya tsaya, ya ɗaga bonet, ya zaro filta. Ta cika taf. Akwai sabuwa a bayan kujera, amma Alhaji ya ce kada a buɗe kwalinta sai ya ba da izini. Ya dubi tayoyi, duk sun ɗauko ɗanyen taɓo daga fadamar da ya ƙetare. Filta kuwa takarda ce, ba ta son jiƙa. Ya waiga. Ga suri nan dogo, busasshe, da ramuka a kansa.

Ya buga ta a kan surin. Ba bisimilla, ba gafara. Magariba yake gudu.

Ƙurar ba ta tashi sama ba. Duk ta gangara cikin ramukan, kamar ana zuƙe ta.

Sai ya ji tari. Ƙarami, irin na jariri. Daga ƙarƙashin ƙasa.

Ya ce wa kansa kunne ne. Ya mayar da filta, ya murza makulli. Shiru. Ya zare makullin ya sa a aljihu, ya kwance sensa ya riƙe a hannu, ya ɗauko gwangwanin feshi. Da safe ya girgiza shi, cike yake. Yanzu ya danna, ko ɗigo.

"Ya ƙare?"

Mutum ne tsaye a gefen mota. Dogo, cikin farar riga. Bai yi sallama ba. Nomau ya yi masa, bai amsa ba.

Abin da ya fara zuwa ran Nomau ɓarawo ne. An san masu laɓewa a hanya su ce su kanikawa ne, su karɓi sensa mai kyau su musanya maka da matacce. Ya damƙe nasa a tafin hannu, ya jawo sifana kusa da ƙafarsa. Ya tambayi mutumin daga ina. Ya ce nan kusa. Ya tambaye shi wane gari, ya ce ba gari ba ne, gida ne. A fakon nan ko bukka babu.

Nomau ya ƙara dubansa. Shi kansa ja-wur yake da ƙura har girarsa. Rigar baƙon ko tabo. Ya saci kallon ƙasa. Ga sawun takalmansa zagaye da mota, ga na tayoyi. Na baƙon babu, ba na zuwa, ba na tsayuwa.

"Ba filta ba ce matsalarka, direba. Abin hannunka ne. Hura shi."

"Ba a hura shi, Baba."

"Hura."

"Yawu na kashe shi."

"Duhu na zuwa. Hura."

A nan Nomau ya lura da abin da ya fi rashin sawu. Ƙirjin mutumin ba ya motsi. Leɓensa na motsi, amma muryar ba daga can take fitowa ba. Daga cikin bututun iskar mota take fitowa, nan ƙarƙashin hannun Nomau.

Hajo, saki hannun Ilu, ba shi zai cece ki ba.

Na tambayi Nomau me ya sa ya hura, tunda ya san doka. Ya ce shi ma bai sani ba. Hannunsa ne ya tashi da kansa. Ya kai abin bakinsa, ya hura sau ɗaya, a hankali.

Iskar ta fita. Ba ta dawo ba.

Ya buɗe baki ya ja, babu komai. Kamar an cusa masa tsumma a maƙogwaro. Motar kuwa, ga sensa a hannunsa, ga makulli a aljihunsa, sai ta tashi. Ba ƙarar inji take ba. Shaƙa take tana fitarwa, a hankali, da irin numfashin Nomau.

Ya durƙushe. Mutumin ya sunkuyo.

"Ɗana na ciki. Ka toshe masa ƙofar iska da dattin motarka. Ba ka nemi gafara ba. Numfashi a bakin numfashi."

Idon Nomau ya fara rufewa. Bai iya roƙo ba, roƙo ma da iska ake yin sa. Sai ya rarrafa zuwa surin. Ya sa yatsu yana yashe ramukan, ɗaya bayan ɗaya, gara na cizonsa, farcensa na tsagewa. Tarin ƙasa ya ɗan lafa. Nasa maƙogwaron ya buɗe kamar ƙofar allura. Ya samu ya ja kaɗan.

Mutumin ya ce bai isa ba. Ya ce yau Nomau ne, gobe wani ne. Motoci na wucewa, ƙura na shiga, yaron kullum cikin tari. Ya ce ku kun yi wa ƙarfe abin tace iska, mu da muka riga ku zama a nan ba ku yi mana ba.

Nomau ya fahimta. Ya ja jiki zuwa bayan kujera, ya yaga kwalin da aka hana shi buɗewa. Ya ɗora sabuwar filtar a kan babban ramin surin, ya tokare ta da duwatsu. Da ɗan numfashin da ya rage masa ya ce, "Bisimilla. Gafara dai, masu wuri."

Tarin ya tsaya. Motar ta mutu. Iska ta faɗo ƙirjinsa gaba ɗaya, har sai da ya kife.

Da ya ɗago, ba kowa. Sensa na maƙale a wurinsa, an ɗaure shi tsaf. Tsohuwar filtar kuwa ta koma fara fat. Ya murza makulli, mota ta tashi. Bai waiga ba har gari.

To, ga inda raina yake ɓaci. Alhaji Maikano ya ga kwali babu filta. Bai tambayi me ya sami yatsun Nomau ba. Bai tambayi me ya dushe masa murya ba, muryar da har yau ba ta dawo daidai ba. A gaban jama'ar tasha ya ce Nomau ya sayar da ita ya sha ƙwaya, ya karɓe makullinsa. Mutumin da ya tura shi fako shi kaɗai.

Ni ba na karɓar magana ba hujja, ko ta ɗan'uwana ce. Na sa Nomau ya kai ni da rana tsaka, muka tafi da limamin unguwa. Filtar na nan. Gara ta gine gefenta da ƙasa, ta bar fuskarta a buɗe kamar taga. Liman ya kai tafin hannunsa kusa, ya janye da sauri. Ya ce iska na shiga tana fita. Na gwada da nawa. Ɗumi gare ta.

Na je na faɗa wa Alhaji. Ya ce ni ma tsufa ne ya taɓa ni. Sai na tambaye shi abu ɗaya: tun daga ranar, ya taɓa canza wa motar nan filta? Ya juya min baya. Direbobinsa sun ce ba ta kama ƙura. Sun kuma ce ba mai yarda ya zauna a cikinta da magariba, don in an kashe inji, ana jin wani abu ƙarami yana numfashi a ƙarƙashin bonet.

Ba aikin nake nema wa Nomau ba, ko an ba shi ba zai koma ba. Sunansa nake nema. Inda aka kira shi ɓarawo, a nan za a janye, da baki, a gaban mutanen da suka ji. In Alhaji na son filtarsa, na gaya masa inda take. Ya je ya ɗauko. Har yau bai je ba.

Kai kuma Ilu, kada ka bi fakon nan kai kaɗai, ko mai mota zai kore ka. Ka buga naka a kan naka. In wani ya ce ka hura, dubi ƙirjinsa kafin ka dubi abin hannunka.

Hajo, ƙara wutar. Wa ke tarin nan a bayan zana?