Agogon Veikko

Ranar Talata aka kira Sufeto Gunilla Ekdahl zuwa wani gida a Märsta, dab da filin jirgin Stockholm, babban birnin Sweden. Tsoho Veikko Rautio na kwance a falo, ƙeyarsa a fashe. Agogon bango ya faɗo tare da shi, ya tsaya a ƙarfe biyar da minti ashirin.

Marit, matar da ke jinyarsa, ita ta kira 'yan sanda, ita kuma aka fara tsarewa. Maƙwabta sun ga shigarta ƙarfe biyar da kwata.

"A haka na same shi," ta ce tana kuka. "Shekara shida ina yi masa wanka, yau ni ce mai kisa?"

Tausayinta ya kama Sufeto, amma tausayi ba ya buɗe ƙofar kurkuku.

Washegari ɗan mamacin, Arto, ya iso daga Helsinki, babban birnin ƙasarsu ta asali. Ya amsa cewa ya ziyarci ubansa jiya, wai ƙarfe uku suka rabu lafiya. Ya miƙa tikiti tun ba a tambaye shi ba.

"Biyar da minti goma muka tashi. Lokacin da abin ya faru ina sama."

"Yaushe kuka sauka?"

"Bakwai da minti goma."

"Kilomita ɗari huɗu, awa biyu? Jirgin naku rarrafe yake?"

"Tafiyar awa ɗaya ce, ranki ya daɗe. Kin manta agogonmu na gaba da naku da awa guda?"

Ba ta manta ba. Ta dai koma gidan da rana, ta shiga kicin. Wayarta ta nuna ƙarfe biyu, agogon kicin ya nuna uku. Na ɗakin kwana ma uku.

Ta je inda ake tsare da Marit ta tambaye ta.

"Ai haka yake. Shekara hamsin a Sweden, bai taɓa yarda da lokacinmu ba. Ya ce shi da lokacin ƙasarsu zai mutu."

Ashe a lokacin Sweden huɗu da minti ashirin tsohon ya faɗi, jirgin Arto bai tashi ba tukuna. Kafin yamma an samo direban tasin da ya ɗauki Arto a ƙofar gidan ƙarfe huɗu da rabi.

Da aka karanta masa bayanin direban, Arto ya fito da gaskiya.

"Na tarar ya haɗa akwati. Ya ce in tafi da shi gida, awa ɗaya ce kawai. Na ce ba ni da ɗaki. Ya riƙe mini riga yana cewa, 'Ɗana, ko a ƙasa zan kwanta.' Ture shi kawai na yi."

"Ka bar Marit ta ɗauki laifin?"

Aka sa masa ankwa, aka fita da shi.

Sufeto da kanta ta buɗe wa Marit ƙofa. Matar ta tsaya a bakin titi, ruwan sama na dukanta.

"Gobe ƙarfe takwas nake ba shi magani," ta ce. "Ina zan je?"