Kwalliyar da Ta Kayar da Nayibe

"Aikin kwalliya ne, ba na lalura ba. Inshora ba ta biyan kwalliya."

Matar da ke bayan gilashi a ofishin inshora ta faɗi haka ko ɗago kai ba ta yi ba. Nayibe Carabalí ta tsaya riƙe da jaka kamar an dasa ta.

"Amma hannuna sagewa yake yi..." ta ce a hankali. "Bayana kuma..."

"Kwamitin likitoci ya gan ki, ya ce lafiyarki ƙalau. In ba ki yarda ba, ki nemi a sake dubawa. Na gaba."

Ta fito cikin zafin ranar birnin Cali, ta ciro waya, ta duba sunayen da ke ciki tun daga sama har ƙasa, ta mayar jaka. Babu wanda za ta kira ya ji mata zafi. Wannan ya fi ƙin da aka yi mata ciwo.

Tun tashinta ƙirjinta ya fi ƙarfin jikinta. Shekararta ashirin da shida, amma in ta miƙe daga kan keken ɗinki sai ta dafa bango kamar tsohuwa. Kayan 'yan rawar salsa take ɗinkawa a wani shago a unguwar Barrio Obrero, ita kuwa ko sau ɗaya ba ta taɓa taka rawa ba, a garin da yaro ke koyon rawa kafin ya iya ɗaure takalmi. Kuma mu nan, inda mata ke haɗa adashe don a ƙara musu ƙirji, wadda ta ce a rage mata kallon mahaukaciya ake yi mata.

Mahaifiyarta, Doña Edelmira, ita ta fara. Ta ce abin da wasu ke saye Allah ya ba ta kyauta, za ta kai a yanka, wannan butulci ne. Duk da haka ranar ganin kwamiti ita ce ta tashe ta da sassafe, don a gidansu ba a zuwa gaban likita a wulaƙance, talauci daban ƙazanta daban. Ta ɗaure ta da ɗamarar matse jiki, ta cusa mata soso ƙarƙashin igiyar bireziya, ta shafe kafaɗun da hoda, ta ba ta ƙwayar ciwo biyu da takalmi mai tsini. Nayibe ta shiga gaban likitoci tsaye ƙyam, leɓe ja. Da suka tambaye ta yaya jiki, bakinta ya amsa da kansa: lafiya lau, mun gode Allah. Suka dube ta sama-sama, suka ga mace tsaf, suka sallame ta. Kwalliya dai ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Sai Arley Possú, mai ɗinkin takalman rawa a tsallaken titi, wanda shekara biyu yana kawo mata burodin pandebono mai zafi kowace safiya. Ranar da ta cire kunya ta gaya masa tana neman a yi mata aikin, murmushi ya yi, ya kama hannunta.

"Ni haka nake son ki, baƙata. Kada ki taɓa komai."

Shi a ganinsa magana mai daɗi ya faɗa. Ita kuwa ba ta taɓa jin kaɗaici irin na ranar ba.

Maganar ta kai kunnen Mayerli, 'yar rawar da ta daɗe tana lalata takalmanta da gangan don ta sami dalilin shiga shagon Arley. Ba ta ɓata lokaci ba ta kai wa uwarsa ziyara, ta zauna ta sha kunun champús, ta ce ita dai tausayi take ji, don an ce wadda aka yi wa wannan aiki ba ta shayarwa, kuma wa ya sani ko dandalin rawa Nayibe ke hange. Uwar ta ce in dai tana numfashi jikanta ba zai tashi da madarar gwangwani ba. Arley ya zo da tambayoyi, Nayibe ta amsa da fushi, daga nan pandebono ya daina tsallako titi.

Disamba ta ƙarato, bikin garin ya matso, aiki ya yi yawa. Ranar Juma'a da la'asar, lokacin da iskar tsauni ke saukowa, sauran 'yan shagon suka yi wanka suka fesa turare suka tafi rawa. Ba su gayyace ta ba, sun daɗe da daina gayyatarta. Ta zauna ita kaɗai cikin tarin yadi mai ƙyalli, kiɗa na shigowa ta taga daga gidaje uku lokaci guda. Almakashi ya suɓuce daga hannunta, yatsun sun sage. Ta zame wuyan rigarta, ta ɗage igiyar bireziya daga kafaɗa tana cije leɓe, ta fara shafa man zafi.

Ba ta ji shigowar Arley ba. Ya zo ne da guntun fata ja a hannu, zai gwada launinta da yadin wata ƙungiyar rawa. Kafin ta ja rigar, ya gani. Rami ne a kowace kafaɗa, mai zurfin da yatsa zai kwanta ciki, ya yi baƙi, na dama har ya fashe yana ruwa. Arley ya saba ganin abin da igiyar takalmi ke yi wa ƙafar 'yar rawa a dare guda, wannan kuwa aikin shekaru ne.

"Nayibe... me ya yi miki haka?"

"Abin da ka ce haka kake son sa."

Fatar ta faɗi daga hannunsa. Ya ja kujera ya zauna. Can ya tambaya ko likitocin sun ga wannan. Ta ba shi labarin hoda da soso da ƙwayoyi, tana dariya hawaye na zuba.

"Kin je neman magani kin ɓoye ciwon?"

"Haka aka koya mini. Kai ma shekara biyu ina ɓoye maka, ka taɓa lura?"

"Ban lura ba," ya ce. "Ina kallon ki kullum, ban gan ki ba. Ki yafe mini, baƙata."

Ba ta yi saurin sakin jiki ba. Ta gaya masa gaskiya, likita ya ce wata tana shayarwa bayan aikin, wata ba ta iyawa, ba a sani sai an gani. Ta ce yanzu ma jaririn yayarta ba ta iya ɗaukar sa ta zaga tsakar gida.

"In ya zamana ban iya ba fa? Mamanka..."

"Mama ni ta haifa, ni zan ji da ita. Mata nake nema, ba mai raino ba."

Ta nemi a sake dubawa, ranar ta faɗo bayan bikin garin. Nayibe ta wuni a kan keke, ta ƙi shan ƙwaya, ta biya gida ɗaukar katinta sanye da rigar aiki, zare manne a jiki. Doña Edelmira ta tare ƙofa, gwangwanin hoda a hannu.

"Haka za ki fita? Kamar marar uwa?"

Nayibe ba ta yi musu ba, ta zame wuyan rigar kawai. Uwar ta sha ganin ramukan nan, ita ke rufe su, amma yau aka hana ta rufewa sai ta dube su da kyau. Hannunta ya sauka. Ta ce da ƙaramar murya ita ma haka uwarta ta koya mata, abin da ke ciwo a rufe shi. Ta matsa daga ƙofar, ta ajiye hodar a kan teburi.

Arley ya rufe shago ya raka ta, ya zauna a waje yana murza hularsa. A ciki wata likita mai furfura ta ɗago ta ce, "Yaya jikin?"

"Lafiya l..." Nayibe ta kama bakinta. "Ba lafiya, likita. Na daɗe ba lafiya."

Faɗin wannan ya fi mata wuya fiye da duk ciwon. Daga nan sauran ya biyo da kansa, ƙurajen zafi, yatsun da ke sagewa, barcin da ba ta yi sai a zaune. Likitar ta sa yatsa a ramin kafaɗar, ta kira abokan aikinta su gani. Wannan karon aka rubuta lalura, inshora ta ɗauki nauyin aikin.

Uwar Arley ba ta sauko nan da nan ba. Bayan tiyata ta aiko da tukunyar farfesun sancocho ba tare da saƙo ba, mu kuwa mun san a wajenta wannan doguwar magana ce. Mayerli ta koma kai takalmanta wani shago.

Aka ɗaura aure da Disamba ta zagayo. Da kiɗa ya tashi, Arley ya durƙusa ya sa mata jan takalmi, wanda ya ce tun makon da ya fara ganinta ya ɗinka, ya ajiye a ƙasan teburinsa. Ya ja ta tsakiyar fili, dangi suka yi da'ira. Nayibe ta ƙanƙame hannunsa.

"Arley... ban iya ba. Kowa na kallo."

"Su kalla. Haifaffiyar Cali da ba ta iya rawa ba, ai abin kallo ce."

Ta kai masa duka a ƙirji tana dariya. Ta taka ƙafarsa a takun farko, ta sake takawa a na biyu, 'yan'uwansa na ihu suna cewa a kawo masa takalmin ƙarfe. Sai ya ɗora tafin hannunsa a kafaɗarta ta dama, daidai kan tabon. Ta ɗan tsaya, jikinta na jiran zafin da ya saba. Ba ta ji komai ba sai ɗumin hannunsa.