Nonon da Bai Kwana a Ƙwarya Ba

Da hantsin Talata aka kawo rahoto ofishin 'yan sanda na Faskari cewa leburori huɗu sun sha kindirmo a gonar Alhaji Harisu da ke Ruwan Godiya. Uku suna asibiti, ɗaya mai suna Shamsu ya cika.

Kafin Sufeto Abdulgafar ya iso har an rufe Adama, Bafillatanar da ke kai wa gidan Alhaji nono. Ga ƙwaryarta a kan tebur da ragowar nonon. Manya sun ce a miƙa Adama kotu ranar Alhamis. Shi kuwa Sufeto taurin kai gare shi, ba ya sa hannu a takardar da ba ta kwanta masa ba.

"Inna, wannan ƙwaryarki ce?"

"Tawa ce, ranka ya daɗe. Amma jiya madara na ba Nasir, sabuwar tatsa. Ya ce in bar mashi ƙwaryar, shi zai kwantar da madarar ta zama kindirmo."

Nasir ƙanen Alhaji ne, shi ke kula da leburori. Da aka kira shi ko ido bai ƙifta ba.

"Ƙarya take, yallaɓai. Kindirmo ta kawo, yadda ta kawo shi haka na ba su."

Sufeto ya sungumi ƙwaryar sai kasuwa, wurin Hajiya Mairo, tsohuwar da ta shekara arba'in tana dama fura. Ta karkata ƙwaryar, ta shinshina, ta yamutsa fuska.

"Nonon nan bai kwana cikin ƙwaryar nan ba."

"Ta yaya kika gane, Hajiya?"

"Ɗana, nono halin mazubinshi yake ɗauka. Wanda ya kwana a ƙwarya yakan kama jikinta, ya bar zobe a baki, ka ji ƙanshin duma a cikinshi. Na tukunyar ƙasa kau sanyi gare shi. Wannan a tsinke yake, juye shi aka yi. Cikin roba ya kwana, ita ba ta numfashi, shi ya sa tsamin ya shaƙe. Sannan ƙasan tsamin akwai wani wari kamar na kananzir. Ko kare kar ka ba."

Daga nan Sufeto bai tsaya ko'ina ba sai gona. A ɗakin ajiya ya tarar da jarkokin maganin feshi da aka gama da su, duk sun yi ƙura, ban da guda ɗaya da aka wanke tas. Ya zura tsinke ta cikin mariƙinta, ya fito da guntun farin nono.

A ofis ya dire jarkar a gaban Nasir, ya buɗe murfin.

"Shinshina."

Nasir ya kau da kai.

"Ƙwarya ba ta hawa babur, yallaɓai, zubewa take. Shi ne na juye madarar a jarka na sa irin tsami, ta kwana, da safe na kai masu. Sau uku na wanke ta da sabulu. Kowa na haka, har ruwan sha muke zubawa."

"Wannan ganganci ne. Mayar da ragowar cikin ƙwaryar Adama fa?"



"Tsoro na ji. Na ga ita ba ta da kowa cikin gari."

Ran Sufeto ya ɓaci ƙwarai. Ya sa aka buɗe Adama, sannan ya ɗaura wa Nasir ankwa da hannunsa. Har kurtu ya ja shi, Nasir ya waiwayo.

"An kai Shamsu?"

"An kai shi. Mahaifiyarsa tana bakin ƙofa tun safe tana tsine wa Adama. Ta gabanta za ka wuce, kuma kai za ka gaya mata da bakinka."